Kiɗan Masu Hawa Teku Ya Sauka a Kebbe

Mun tashi da asuba daga Tambuwal, kuma tun a tasha na yi wautar da ta lalata tafiyar. Na ɓoye faifan garmahon yayana a ƙarƙashin kujerar direba don kada a zauna a kansa, ban san wajen ne injin ke huro zafinsa ba.

Faifan nan duk samarin unguwarmu sun san shi. Yayana ya sayo shi a Kaduna. Ba waƙa a ciki, jita ce kawai ke gudu kamar an koro ta, ganga na biye da ita. Malaminmu ya ce samarin Amurka ne suka ƙirƙiro shi, masu tsayawa a kan allon katako igiyar teku ta kwashe su. Mu da ba mu taɓa ganin teku ba, mun gwada da murfin ƙofa a tafki, muka sha laka. Da ƙyar yaya ya ara mini don bikin ɗan kawunmu a Kebbe, bayan na rantse har sau uku.

Motar katako ce, cike da buhunan gero da wata akuya da ta ɗauki hulata abinci. Ramukan hanya kuwa, wani in ka faɗa sai an jefa maka guga. A bakin gulbi muka ci soyayyen kifi na taro, mai sayarwa tana yi mana kallon marowata.

A Kebbe samari suka taru, na ɗora faifai ina hura hanci. Ashe ya lanƙwashe kamar ganyen kabewa. Jitar ta fito tana kuka irin na jaki mai mura. Aka yi ta dariya, ni kuwa fuskar yaya kawai nake gani a zuciyata.

Wani tsoho mai molo, makaɗin manoma, ya matso ya ce, "Ɗana, yi mani shi da baki in jiya." Na yi. Ya lalubi tsirkiya, ya ɓata, ya sake, har ya kama shi. Ya ce, "Wanga kiɗi na masu sauri na, ya dace da gayya." Kafin la'asar 'yan mata sun sa masa waƙa.

Na dawo gida da sanin cewa kiɗa ya fi faifai jure hanya. Na faɗa wa yaya haka, da labarin tsohon, har da ƙari. Ya saurara tsaf, ya juya faifan a hannu, sannan ya ce gyaɗarsa ta isa cira. Ni kaɗai na cire ta.