Sandar Bodil da Tauraron Kan Bishiya

A tsibirin Fur, in ana so a ce abu yana ƙasa-ƙasa, sai a ce ko Bodil ma za ta ɗauko shi. Ta san ana faɗa, kuma ba ta taɓa jin haushi ba, don tun tana yarinya ta gane abin da aka rage mata a tsawo an ƙara mata shi a baki da dabara.

Bodil Overgaard ke nan, 'yar mai gasa burodi, wadda ta ƙare ƙuruciyarta da girmanta a kantin ƙauye tana sayar da fulawa da sukari da ƙusa da zaren saƙa. Kantocin shagon har rufi suke, ita kuwa ba ta son roƙon kowa ya miƙo mata kaya. Sai ta ɗaura ƙugiya a bakin doguwar sanda, ta riƙa fizgo gwangwani daga sama tana cafewa da gaban riga. Yara kan shigo su tambayi abin da ba a aike su ba, don kawai su ga gwangwani ya taho.

A nan Aksel ya same ta. Ma'aikacin jirgin fito ne, dogo kamar falwaya, maganarsa ba ta da yawa. Ya ga tana harin wani gwangwanin kofi, ya miƙa hannu ya sauko mata da shi ko dunduniya bai ɗaga ba. Ta dube shi daga ƙasa har sama, kallon da ya ɗan ɗauki lokaci, ta ce ba ta sa shi ba, ya mayar. Ya mayar. Ta ɗauko da sandarta. Washegari ya dawo sayen ashana, jibi ma ashana, har gidansu ya cika da ashana. Daga baya takan ce ta aure shi ne don ta huta da sanda, shi kuma ya ce ya aure ta ne don ya huta da sunkuyo.

Da aka rufe tsohuwar makarantar ƙauyen suka saye ta, ajin ya zama falonsu, rufinsa can sama inda Aksel kansa sai da tsani. A falon nan suka yi Kirsimeti shekara hamsin da ɗoriya, kuma bishiyar gidan Bodil ba ta wasa ba ce. Dole kanta ya taɓa rufi. A tsakiyar ɗaki take tsayawa, tunda kewaya ta za a yi hannu cikin hannu ana waƙa, saboda haka ba ta da bayan da za a jingina da bango a ɓoye ganda. Su biyu ke yi mata ado, ƙofa a rufe, ba mai leƙawa sai an kunna kyandirori, ko da kuwa 'yarsu Merete ce da yanzu furfura ta fara fito mata. Tauraron da ake ɗorawa a ƙololuwar bishiyar kuma shi ne na ƙarshe. Haka uwar Bodil ta yi, haka kakarta. Rabon aikin a fili yake: ƙasa nata, sama nasa, umarni duka nata.

Sai Kirsimetin bara tsani ya zame da Aksel. Bai karye ba, amma kafaɗun da suka gaji da jifan igiyar jirgi suka ce sun gama. Tun daga ranar hannunsa ba ya wuce ƙirji.

Merete nas ce a birnin Aarhus, ta ga tsofaffin da tsani ya kwantar har ba ta ƙirgawa. Ta zo da kaka, lokacin da ganye ke zuba, ta ɗaure tsanin a kan motarta, sannan ta zaunar da iyayenta ta ce su zaɓa. Ko su sayi 'yar ƙaramar bishiya ta kan tebur, ko su bar mijinta ya yi adon sama, ko kuwa daga bana a koma yin bikin a gidanta, inda fitilun lantarki ne ba ruwan kowa da wuta.

Bodil ta ce bishiyar kan tebur sai dai a kewaya ta da yatsu. Surukinta kuwa mutumin kirki ne, amma wanda ya ga bishiya tun da safe me zai gani da yamma?

"Mama, ba gardama na zo yi ba," in ji Merete. "Ku ɗaga ƙafa daga ƙasa, ke ko Baba, ko kan kujera ne, an gama. Na kwashe ku."

"In kuma kika zo kika tarar da ita cif, har tauraro, ƙafarmu a ƙasa fa?"

Merete ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta dubi uwarta, dariya ta ƙwace mata. Ta ce in haka ta faru, Kirsimeti na nan gidan har abin da Allah ya yi.

Motar ba ta kai bakin ruwa ba Bodil ta shiga rumfar ajiya. Ta fito da tsohuwar sandar fatsar Aksel, da wata karyayyiyar laima, da kwarashinta na saƙa. Gwajin farko ta ɗaura kwarashin a bakin sandar. Ya ɗauki kaya lafiya lau, ya kai reshe, amma wajen dawowa sai ya taho da abinsa. Ta cire shi ta lanƙwasa wayar laima ta yi mata baki biyu kamar ƙahon akuya, wanda zai tura ya saki. Nan kuma ta gano zaren da ake rataye ƙwallayen gilashi na adon bishiya da shi laɓewa yake yi, ba ya buɗe baki ya shiga reshe. Ta zauna ta canja wa kowace ƙwallo zarenta da zoben siririyar waya mai tsayawa a buɗe. Zukatan takarda da take saƙawa ja da fari ba su ba ta wuya ba, da ma da hannunsu kamar kwando.

To, ba a koyon harbi da ƙwallayen da aka gada tun daga kaka. Sai ta soka wa dankali zoben waya, ta fita lambu cikin sanyi ta tasa bishiyar tuffa gaba. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma dankalin nan ya faɗo, wani a kafaɗa wani a tsakar ka. Kafin mako ya zagayo, bishiyar tuffar da ba ganye ko ɗaya ta yi 'ya'yan dankali har ƙololuwa. Maƙwabciyarta Tove ta daɗe tana kallo ta taga, daga ƙarshe ta buga wa Merete waya a asirce ta ce a zo a duba Bodil, kamar kan ya fara taɓuwa. Da labarin ya dawo wa Bodil, ta cika kwando da dankalin ta kai wa Tove, ta ce ga na bana, tuffar ta canja sana'a.

Mutanen ƙauye suka sa wa sandar suna Ƙanin Aksel. Kowa ya yi dariya ban da Aksel. Tun da aka fara wannan aiki ya koma bayan jarida, in an yi masa magana sai ya ce shi Aarhus ma ta yi masa, an ce kujerunsu da laushi. Bodil ta san ƙarya yake. Wata rana suna shan kofi ya ce, ba tare da ya sauke jaridar ba, ashe aikin da ya yi shekara hamsin yana taƙama da shi sanda ma za ta iya. Ta buɗe baki za ta mayar masa da baƙa kamar kullum, sai ta ga wannan karon ba wasa yake ba. Ta tura masa biskit.

Ana gobe biki masu sayar da bishiya suka kawo ta, suka kafa ta a tsakiyar falo. Awonta na kullum ne, da wata igiya mai ƙulli da Aksel ya yanka tun shekarar da suka tare, kan bishiyar ya dafe da rufi har ya ɗan lanƙwashe. Da safiyar ranar bikin Bodil ta sa agwagwa a murhu, ta dafa jan kabeji, ta rufe ƙofar falo ita kaɗai. Aksel ya ce zai kula da agwagwa.

Sanda ta yi aiki kamar da ita aka haife ta. Zukata suka hau, ƙwallaye suka hau, mariƙan kyandir masu ɗan nauyi a ƙasa don su tsaya tsaye su ma suka hau, ko ɗaya bai faɗo ba. Tana kewayawa tana 'yar waƙarta. Rana ta karkata, ba abin da ya rage sai tauraro.

Nan ta tsaya. Tauraron na azurfa ne, da ɗan bututu a ƙarƙashinsa wanda ake zura kan bishiyar a ciki, wato daga sama ake sauko da shi. Saman kuwa babu, rufi ne. Shekara da shekaru Aksel kan kama kan bishiyar da hannu ɗaya ya tanƙwaro shi, ya zura tauraron da ɗayan, ita tana ƙasa tana cewa ya karkace, bai taɓa faɗo mata a rai cewa aikin na hannu biyu ba ne. Bishiyar tuffa ba ta da rufi, shi ya sa ba ta koya mata wannan ba. Da a ce tauraro aka fara sawa tun bishiyar na kwance, da an wuce wurin. Amma wa ke fara sa tauraro? Yanzu kuma kwantar da ita na nufin kwance duk abin da aka yi, ga jirgin su Merete ya kusa tasowa.

Ta gwada ta gefe, ta gwada ta ƙasa, tauraro ya ƙi shiga. Ta dubi teburin cin abinci, ta dubi kujera. In aka ɗora wannan a kan wancan, ai ko ita za ta kai. Wa zai sani? Ta jawo kujerar, ƙafafunta suka yi ƙara a daɓen katako.

Ƙofa ta buɗe. Ashe agwagwa ita ke kula da kanta, mai gadinta yana bayan ƙofa tun safe.

"Gajeruwa, mayar da kujerar nan inda kika ɗauko ta."

"Share ƙarƙashinta zan yi."

"Da tauraro a hannu?"

Bai jira amsa ba ya fita. Ta ji ƙarar ƙofar rumfa, sai ga shi da doguwar sandar nan mai ƙugiyar ƙarfe da ya yi rayuwarsa yana kamo igiyar jirgi da ita. Ya tsaya ya ware ƙafafu kamar yana kan ruwa, gwiwar hannunsa manne da ƙugu, don wannan aikin da ma ba da kafaɗa ake yin sa ba. Ƙugiyar ta ratsa tsakanin kyandirori ba ta taɓa ko ɗaya ba, ta kama kan bishiyar, ya jawo shi a hankali har ya rusuna.

"To bismillah, ke da ƙanina," ya ce.

Bodil ta ɗora tauraron a bakin sandarta ta ɗaga. Yau shi ke ba da umarni.

"Hagu. Hagunki, ba nawa ba."

"Na ji, Dogo. Shekara hamsin ɗin da na yi ina ba ka umarni kake ramawa?"

"Yanzu na fara."

Bututun ya sami kan bishiyar ya zauna. Aksel ya sassauta kaɗan-kaɗan, reshen ya miƙe, tauraron ya goge rufi ya bar ɗan zane a fenti, ya tsaya a karkace kamar hular ɗan gaye. Suka tsaya suna kallonsa. Ta ce ya karkace. Ya ce da ma kullum haka take cewa, bana dai gaskiya ta faɗa.

Duhun hunturu na sauka da wuri, su Merete suka iso da mijinta da 'ya'yanta. Aka ci agwagwa da kabeji da dankalin da aka soya cikin sukari, wanda Aksel ya rantse na bishiyar tuffa ne. Sannan tsofaffin biyu suka shige falo suka rufe ƙofa. Bodil ta maƙala guntun kyandir a bakin sandarta tana kunna na sama, Aksel na bin na ƙasa, bokitin ruwa na gefe kamar kowace shekara. Aka buɗe ƙofa.

Merete ta ɗaga kai tana bin bishiyar da ido har tauraro, sannan, da yake 'yar uwarta ce, ta sauke ido ta duba saman kowace kujera da tebur ko za ta ga sawun ƙafa. Ba ta ga komai ba sai sanduna biyu jingine a kusurwa, doguwa da wadda ta fi ta tsawo. Mijinta ya ce tauraron ya ɗan karkace, bari ya gyara. Murya biyu suka ce masa kul.

"Tsanin fa, Mama, in dawo da shi?" Merete ta tambaya, tana goge ido da bayan hannu.

"Riƙe abinki. Ku ne masu bukata."

Aka kama hannu aka fara kewaya bishiyar ana waƙa. A da, in Bodil ta riƙe hannun Aksel a wannan da'ira, sai ya yi ta ɗaga nata sama har ta yi ɗage tana yi masa tsiya. Bana hannunsa yana ƙasa, daidai inda nata yake. A zagaye na biyu ta ɗan jawo shi ya sunkuyo, ta raɗa masa cewa baɗi za ta ƙara wa igiyar awon nan tsawo kaɗan.