Icce Ba Ya Jan Igiya

Salamu alaikum jama'a. Kun daɗe ba ku ji ni ba, har wasu sun fara tambayar ɗiyata Hajara ko an yi addu'ar bakwai ba a gaya musu ba. Ban mutu ba. Ita ke rubuta wannan a wayarta ina faɗa mata, na kuma ce kada ta gyara mini magana.

Kukana guda ne, kuma ba yau na fara shi ba: babu yaron da ke son koyon nutso.

Ni mutumin Sifawa ne, nutso ne sana'ata. Guga ya faɗa rijiya, ni. Injin ban-ruwa ya zame cikin gulbi, ni. Da mu biyu ne, ni da abokina Isa. In na shiga ruwa, igiya na ƙuguna, bakinta na hannunsa. Ja ɗaya, lafiya lau. Ja biyu, fid da ni.

Zamanin mulkin farar hula na biyu, da ana aikin dam a yankin nan, munka ga wasu baƙi masu tukunyar iska a baya da takalmi kamar ƙafar agwagwa. Su ma, da duk kayansu, biyu-biyu suke shiga. Da tsanani ya zo, sabulu da madara sunka zama sai an bi layi, aiki ya tsaya, Isa ya tafi kudu neman abinci. Bai komo ba. Tun daga nan nake bin yara ina roƙo, ba mai tanka mini.

Bana bayan an kai amfanin gona gida, Hajara ta ce in zo Shagari wurinta in huta. Na zo, amma ba hutu ne a raina ba. Lokacin ɗari laka ke kwantawa, ruwa ya yi garau, mai nutso ya ga ƙasa. Na bi masunta ina tambayar gurbi mai zurfi har anka kwatanta mini wani wajen Dandin Mahe. Saura mai riƙe igiya.

Na tambayi mijin Hajara. Ya ce, "Baba, ni ko a baho ban iya iyo ba."

Na tambayi samarin da ke zama bakin kasuwa. Ɗaya ya ce, "Tsoho, in sallama kake son yi da duniya, bari mu gama shayi."

Na ji haushi. Na ɗauki igiyata na tafi ni kaɗai, na ɗaura ta a gindin wani gawo na shiga.

Sanyin da ke ƙasa ba shi ne na sama ba. Ƙafafuna sunka ƙage. Na ja sau biyu, na sake ja. Icce ba ya jan igiya. Allah Ya kawo wani masunci, Malam Sanda, ya ga igiya na rawa ba kowa a bakinta, ya jawo ni kamar buhun gero. Na sha ruwa mai yawa.

Na ce masa kada ya gaya wa kowa. Ya ce, "Ba sai na faɗa ba, haƙoranka za su faɗa."

Da farko mura ce. Sai zazzaɓi. Sai tari, kowane ɗaya kamar an soka mini wuƙa a haƙarƙari. Na sha sassaƙe, na shafa man zafi, na ce wa Hajara gajiya ce. Ranar da na kasa gama Fatiha da numfashi ɗaya, ba ta nemi yardata ba, ta kira mota sai asibiti a Boɗinga.

Anka ɗebi jini. Anka karɓi kaki don a duba ko tarin fuka ne. Anka ɗauki hoton ƙirji. Likita ta ɗaga shi ta ce, "Baba, ka ga farin nan? Nimoniya ce, ta kama huhun dama."

Anka sa mini robar iska a hanci. Allura safe da yamma, ƙarin ruwa a hannu. Sai da anka sayar da tunkiyata kafin magani ya ishe mu.

Na ji tsoro, ban ɓoye ba. A ƙarƙashin ruwa ka san inda sama take. A kan gadon nan iska na kewaye da ni, amma ba ta shiga.

Hajara ba ta yi mini faɗa ba. Ta riƙe hannuna kawai ta ce, "Baba, in ka ji wuya ka matsa hannuna."

Sannu a hankali zazzaɓi ya sauka. Gwajin fuka ya fito ba komai. Na sha kunu ya zauna. Anka cire roba, na taka har bakin ƙofa da ƙafata.

Na tambayi likita ko na gama da ruwa ke nan. Ta ce, "In na hana ka ma ba ji za ka yi ba. Ka bari sai bazara, ruwa mai ɗumi, marar zurfi, kuma da mutum mai rai a bakin igiya."

Alhamdulillahi. Na gode wa Malam Sanda, da likita da masu jinya, da Hajara da mijinta da sunka yi ta ɗawainiya da ni.

Nasihata: tari da ciwon haƙarƙari da gajeren numfashi, ku tafi asibiti tun kuna iya takawa. Ku shanye magani ko kun ji sauƙi. Baƙon ruwa, ku tambayi masuntan wurin zurfinsa da sanyinsa. Kada ku shiga ku kaɗai.

Malam Sanda ya ce zai riƙe mini igiya in bazara ta yi, amma shi ma furfura gare shi. Samari nake so, daga Boɗinga ko Shagari, in koya musu tun da sauran numfashina. Ba na son "Allah Ya ƙara lafiya" kaɗai a ƙasan rubutun nan. Wanda zai zo ya faɗi sunansa da garinsu, Hajara za ta karanta mini. Shekara da shekaru ina tambaya. Wani ya amsa mini.