Hawan Ƙahon Baba Ɗanjuma a New York

Shekara goma sha huɗu ke nan, da an sallame sallar asuba Baba Ɗanjuma yake fitowa daga ɗakinsa na unguwar Morrisania, ya kama jirgin ƙasa zuwa bargar dawaki da bijimai da ke can ƙarshen Bronx. Ya kwashe kashi, ya sake ruwa, ya ɗaga kofaton kowace dabba ya duba. Ƙarshen Satumban nan na 1979 zai ajiye shebur. Wasu masu laktaye cikinmu suna cewa wai me za a rubuta a kan mai kwasar kashin shanu. To, ku gyara zama.

Mahauci ne ɗan mahauci daga Fagge. Aikin kuku ya kawo shi gidan wani ma'aikacin jakadanci, maigidan ya koma, shi ya tsaya.

A zafin 1972 aka kawo wasan kaboyi, wanda suke kira rodiyo, wani fili a tsibirin da ke gefen Harlem. Mutane suka fito da iyalansu, da kwandunan abinci, da laima. Cikinsu har da Abdurrahman, ma'aikacin ofis, da matarsa Nafisatu da 'yarsu Fatsuma mai shekara biyar. Baba Ɗanjuma, da manajan bargarsu ya turo shara wajen wasan, ya jiyo Hausa a bakin ƙofa, ya washe baki.

"Yallaɓai, sannunku da zuwa!"

Abdurrahman ya dubi takalman robar da ke ƙafar Baba Ɗanjuma, ya amsa da Turanci a daƙile, ya ja hannun 'yarsa. Ba asiri na tona ba, shi da kansa yake ba da labarin.

Ana cikin wasa wani baƙin bijimi ya yi jifa da mahayinsa. Kaboyi suka rufu a kan wanda ya faɗi, can ɗaya gefen. A daidai nan hular Fatsuma ta faɗa cikin fili, ita kuwa ta sulale ta tsakanin katakon shinge ta bi abarta. Bijimin ya juyo.

"Wayyo Allah, 'yata!" in ji Nafisatu.

Dokar manaja ce, mai shara ba ya shiga fili in akwai bijimi a ciki. Baba Ɗanjuma ya yar da shebur ya tsallake shinge, manaja yana ta ihu a bayansa.

Su kaboyi gadon bayan sa suke hawa. Mahautanmu kuwa ta gaba suke zuwar masa, su faɗa tsakanin ƙahonni su rungume wuya. Shi ne hawan ƙaho. Amma ko a gida sai an ɗaure ƙafar san da igiya, ƙarti sun riƙe, kalangu yana tashi. Nan ba igiya, ba kalangu, ga mutum ya ba hamsin baya. Haka ya tari bijimin nan gaba da gaba, ya kifa ƙirjinsa a goshinsa, ya sarƙe hannuwa a maƙogwaro, rigarsa ta rufe wa bijimin ido. Bijimin ya maka shi da shinge har sau biyu, haƙarƙari uku suka karye. Wallahi bai saki ba sai da ya ga Nafisatu ta fizge 'yarta ta fita.

Washegari hoton wani kaboyi da ya jefa wa bijimin igiya daga baya aka buga a jarida. Manaja kuma ya bi Baba Ɗanjuma har asibiti, wai ya karya doka, za a sallame shi.

"Ka kore ni," in ji Baba Ɗanjuma. "Gobe ma in 'yar wani ta faɗa, zan shiga."

Kaboyin ne suka ce ba mai hawa sai an bar shi a aikinsa. Abdurrahman ya zo ya durƙusa a gaban gado, idonsa jawur.

"Baba, ka yafe mini."

"Tashi, Yallaɓai, wandonka zai ɓaci. Yarinyar fa, ta ji ciwo?"

Baba, kai ne namijin da ka amsa kukan wanda ya raina gaisuwarka. Kai ne har yau kake dafe gefen ƙirji in sanyi ya shigo, ba ka taɓa yi wa kowa gori ba. Jarida ta ƙi sunanka, mu ba za mu ƙi ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

Ku kuma 'yan uwa, ranar da kuka ji kukan wani, kada ku tsaya duba ko ya san darajarku. Asabar mai zuwa akwai walimar ban kwana a titin 125th Street da ke Harlem, kowa ya zo ya gaida dattijon nan a tsugune. Fatsuma ce za ta kamo hannunsa ta shigo da shi. Shekararta goma sha biyu bana.