Ɓargon Kakata

Abin da na fara gani a ɗakin asibitin allura ce mai kaurin ƙusa. Bincike ake yi kan yadda ƙwayoyin da ke samar da jini suke tsufa. Likitan, mai gurguwar Hausar kasuwar Wuse ta Abuja, ya ce wa kakata, "Mama, za mu ɗauki bargonki." Ta yarda, don barguna biyu gare ta a gida a ƙauyenmu Ushafa. Ashe ɓargon ƙashi yake nufi. Da ya murɗa allurar a ƙugunta ta kurma ihu, ta ciji nas har jini, ma'aikata suka danne ta. Ni da ko a aji ba na magana, na riƙe rigarsa. "Likita, don Allah cire, ba ta gane ba."