Ranar da Taraktar Genzo Ta Mutu

Tsuyako ba 'yar dutse ba ce. A bakin teku aka haife ta, a wani garin masunta da ke gaɓar yamma ta Japan, aure ne ya hauro da ita ƙauyenmu na Okusawa tana da shekara ashirin da uku. Yau shekararta hamsin da ɗaya a cikinmu. Ta iya dashen shinkafa fiye da waɗanda aka haifa a cikin lakar, amma har gobe in aka ajiye mata kifin rafinmu sai ta juya shi da tsinken cin abinci ta ce, "Wannan ma kifi ne a wurinku?"

Mijinta Genzo mutum ne mai tsadar magana. Gonarsa fangali tara ce, hawa-hawa a jikin dutse, can sama da ta kowa, kuma babban cikinsu bai fi tsakar gida ba. Daga kakan kakansa ya gada. A shekara ta goma da aurensu ya sauko gari ya sayo wata 'yar tarakta ja ta hannu, mai ƙarfin doki goma sha uku, ƙarama har idan ya zauna a kanta gwiwoyinsa na gogar sitiyari. Ranar ce Tsuyako ta tsaya a ƙofar rumfa ta faɗa masa abin da ya daɗe yana cin ta, cewa ita fa ta gaji da dutse, tana son ta koma inda ake jin ƙamshin gishiri. Genzo ya daɗe yana goge fitilar taraktar da tsumma, sannan ya ce, "Ranar da wannan ta mutu, na bar noma. Mu koma garinku."

Tsuyako ta ƙare wa abar kallo. Hayaƙi take fitarwa baƙi ƙirin, an ɗaure mata murfin inji da waya, kujerarta ta yage. Ta ba ta shekara uku, da kyar huɗu. A ranar ta rubuta wa yayarta Hamako wasiƙa ta ce kada a ba kowa ɗakin baya.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan.

Wani zai ce me ya hana su tattara kawai su tafi. To a wurinmu ba a yin haka. Ruwan gona daga sama yake gangarowa, ya cika fangalin wannan ya tsallaka na wancan, in na sama ya yi watsi da nasa na ƙasa ya shiga uku. Mutumin da ya buɗe baki ya ce ya gaji da gonar ubansa, har jikokinsa sai an nuna da baki. Maƙwabci kuma ba ya cewa a ba shi, ko da yana so. Amma idan abu ya fi ƙarfin mutum, ciwo ne ko mutuwar inji, sai kowa ya girgiza kai ya ce ba yadda aka iya, na ƙasa ya karɓi gonar, ba wanda ya ji kunya. Genzo ya san wannan, Tsuyako ma ta sani, shi ya sa ta zauna jiran taraktar.

A yi mata adalci, ba ta taɓa zuba mata yashi a tanki ba. Ita ba muguwa ba ce. Abin da ta yi kawai shi ne ta zama mai kyauta da kayan mijinta. Duk wanda ya yi ƙorafin wani aiki a gabanta, sai ta ce, "Ai ga ta Genzo nan tana zaune." Da haka taraktar ta ja gumaguman da ake shuka naman kaza a jikinsu daga cikin daji, shekara da shekaru. Ta ture dusar ƙanƙara daga ƙofar gidan kowace tsohuwa a Okusawa da wani faifan katako da Genzo ya ɗaura mata a gaba. Ta fito da motar mai kawo wasiƙu daga kwalbati har sau biyu. Da aka ɗaura mata igiya a kututturen wata tsohuwar bishiya, ta ɗaga ƙafafun gaba sama kamar akuya mai cin ganye, Tsuyako na gefe tana cewa a ranta yau dai yau ce. Genzo ya sauko, ya rataya mata buhun duwatsu biyu a gaba, ya haƙa gefen kututturen, ya sare saiwa uku, ya koma ya hau. Kututture ya fito. Abu ɗaya ne taraktar nan ba ta taɓa iyawa ba, shi ne sauri, yaro mai keke yana wuce ta har ya waiwayo ya gaishe da Genzo.

Babbar dabararta ita ce ta bikin kaka. A kowace shekara ana ɗaukar karagar ibada a kafaɗa daga tsakiyar gari a hau da ita wurin bauta a kan dutse, kuma sai ƙarti goma sha shida suke iya ɗaga ta. Samari sun watse birni, aka wayi gari mafi ƙuruciya a masu ɗauka yana da shekara sittin da biyu da ciwon baya. A taron gari ana ta jan numfashi, Tsuyako ta ɗaga hannu. Hanyar nan ta san ta, ko mutum da ƙafa sai ya huta sau uku. Aka ɗora karagar a amalanke, aka ɗaura wa taraktar, Genzo ya sa giya ta ɗaya. Tsofaffi suka jeru a baya cikin kayan biki suna nishi da kirari kamar su ke ɗauke da kayan. Awa ɗaya da kwata aka yi, ta kai har ƙofa. Shugaban gari ya zo gaban Tsuyako ya rusuna har ƙasa, ya ce ita ce ta ceci bikin Okusawa. Ta rusuna ita ma, ta koma gida ta kwanta da ciwon kai.

Ɗansu da ke aiki a birnin Sendai ya taɓa bugo waya ya ce zai saya wa babansa sabuwa. Tsuyako ce ta ɗauka. Ta ce, "Sabuwa? Kai dai ba ka da hankali tun kana ƙarami." Yaron har yau bai san laifin da ya yi ba.

Mai jiran mutuwar abu ya fi mai shi sanin lafiyarsa. Daga madafa, tana yanka kabeji, Tsuyako na iya gaya maka fangali na nawa Genzo yake, da ko lakar ta yi tauri, da ko ruwa ya shiga mai. Wata rana ma bakinta ya suɓuce, ya shigo cin abinci ta ce, "Baban yara, bel ɗin nan ya saki, ba ka ji yana kuka ba?" Ya fita ya duba, ya ɗaure. Iwao, maƙwabcinsu na ƙasa wanda shi ne bakaniken garin, ya ce da an ƙara kwana biyu a haka da inji ya ƙone ƙurmus. Mako guda Tsuyako ba ta yafe wa kanta ba.

A bazarar bana wasiƙa ta zo daga Hamako. Rubutun ya karkace, layi yana hawa kan layi. Ta ce likita ya ga wani abu a cikinta, bai ɓoye mata ba. Ta ce ɗakin baya yana nan, ta sa an canja masa tabarmi sau huɗu tun da aka ce a ajiye shi. Ta ce, ki zo tun ina iya tsayawa in dafa miki miya.

Tsuyako ta karanta wa Genzo da safe suna cin shinkafa. Ya saurara har ƙarshe, ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Gobe za a saki ruwa." Ya tashi ya sa takalmin roba ya fita. A ranar ta tsane shi, tsana ta gaske, irin wadda ba ta taɓa yi masa ba. Za ta iya shiga jirgin ƙasa ta je ta kwana uku ta dawo, ta sha yi. Amma ba ziyara Hamako ke nema ba, kuma ba ziyara aka yi mata alkawari ba.

Kwana shida Genzo ya yi yana dama laka. Ya bi fangali tara ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita kowanne har ruwa ya kwanta a kai ba tudu ba kwari, ya liƙe duk wata kafa da ɓera ya yi a jikin kunya. Bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. A rana ta shida, da ruwa ya tsallaka zuwa gonar Iwao, Genzo ya tsaya a bakin magudana ya wanke tayoyi tas, don a nan wanda ya zubar da laka a kan kwalta ya zubar da mutuncinsa. Ya gangaro gida da hantsi. Yana shigar da ita rumfa, a inuwa, daidai inda take kwana, ta yi tari sau uku ta yi shiru.

Aka kira Iwao. Ya kwance wayar murfi, ya leƙa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya kwanta a ƙasa ya daɗe. Mutane suka taru a ƙofar rumfa. Ya miƙe yana goge hannu, ya ja iska ta haƙora, ya ce, "Genzo-san, sai haƙuri. Ta mutu. Kayanta kuma an daina yi tun kafin a haifi 'yata."

Maza suka cire huluna. Wata tsohuwa ta ce ai ta yi ƙoƙari. Shugaban gari ya ce ba yadda aka iya. Iwao ya sunkuyar da kai ya ce in Genzo bai ƙi ba, shi zai riƙe fangalin nan tara, duk da bai kai ba. Genzo ya rusuna ya ce ya ɗora masa nauyi. Duka abin bai ɗauki minti goma ba.

Tsuyako tana madafa lokacin da taraktar ta yi tarin nan, kuma wuƙa ta tsaya a hannunta. Shekara arba'in da ɗaya tana jiran wannan sauti, ta san yadda ya kamata ya zo: ƙara, ko ƙauri, ko wani ƙarfe ya daki wani. Wannan ba kukan mutuwa ba ne, kukan yunwa ne. Kuma tun da take ba ta taɓa jin injin da ya mutu da ladabi haka ba, bayan ya gama aiki, ya yi wanka, ya koma ɗakinsa.

Da mutane suka watse ta shiga rumfar. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin tanki. Ɗan famfon da ke sakin mai an murɗe shi, a rufe yake ruf. Kusa da shi, tazarar yatsa ɗaya, ga shatin babban yatsan Iwao na baƙin mai. Ta daɗe a durƙushe. Murfin injin da sauran ɗumi. Daɗi ya kama ta, kunya ta kama ta, sai kuma tausayin Genzo ya zo ya danne su duka, har ta rasa yadda za ta miƙe. Da yatsa biyu za ta iya murɗa famfon. Ta ja tsumma ta goge shatin yatsan Iwao, ta fito. Ciki ai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Da rana ta zuba masa abinci ta ce, "Da gaske ta mutu?"

"Iwao ya ce."

"To, Iwao ya sani."

"Ki rubuta wa Yaya," in ji shi. "Ki ce ta rage gishiri a miyar."

Kwana goma suka yi suna haɗa kaya. Ɗansu ya turo mota ta kwashe manyan, su kuma suka ce za su bi bas zuwa tasha. Iwao ya ce a bar masa gawar a rumfa, zai nemi masu sayen tsohon ƙarfe. Ba wanda ya tambaye shi yadda zai hau da irin dashe zuwa fangalin sama, alhali kowa ya san babbar motarsa ba ta shiga wannan siririyar hanya.

Bas ɗinmu ƙarfe tara da minti goma take tashi. Haka aka rubuta a allo, haka kuma take yi tun da aka kafa allon, har mutane na gyara agogo da ita. Iwao ya yi lissafin lokacin tashinsu da kyau, ya ma ƙara minti biyu don ladabi. Abin da bai sani ba, ranar an rufe rabin hanya a ƙasa ana gyaran gada.

Suna tsaye su biyu a gindin allon, Genzo riƙe da jaka, sai ga kukan inji daga sama, tsaf, ba ko tari: fat, fat, fat, fat. Duk kwarin ya ɗauka.

Ba wanda ya waiwaya. Genzo ya kafa wa allon ido kamar yau ya fara ganinsa. Can ya ce, "Injin ban ruwan Iwao ne."

"Shi ne," in ji Tsuyako.

Aka ji an sa giya da gaggawa, ƙarfe ya yi ƙara. Ta ga ƙafar Genzo ta hagu ta danna ƙasa a hankali, ta saki a hankali, yadda ya kamata a taka kuloci. Idonta ya cika. Ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Baban yara, in kana so mu koma, ni zan iya zuwa in dawo."

"Ta mutu," in ji shi. "Kowa ya gani."

Bas ta iso da minti bakwai a makare, direban ya fito yana ta ba da haƙuri. Genzo ne ya fara shiga.