Ƙafar Tela

A tashar motocin da ke ƙetare iyaka, wata mata tana zaune a kan benci, jakarta a cinya. Ba sai an faɗa ba, tela ce. Ga allura a soke a bakin mayafinta, kuma duk wanda ya gifta sai ta bi ɗinkin rigarsa da kallo kafin ta dubi fuskarsa.

Ƙafarta ta dama ba ta zama wuri ɗaya. Tana ta kaɗawa, dunduniya da yatsu, irin ta wadda ta daɗe a kan keken ɗinki. Can sai ta ɗan bugi gwiwarta, ƙafar ta tsaya, sannan ta danna yatsun a hankali kamar direba a kan totur. Da gani, akwai yaran da ƙafar nan ta ciyar, ta kai makaranta.

Tsohuwar da ke gefenta ta ce, "'Yata, fargabar tafiya ce haka?"

"A'a, Inna, horo nake mata. Kamfanin da ya ɗauke ni aiki a can, kekunansu na lantarki ne. In kika kaɗa musu ƙafa irin ta gida, sai su cinye yadin har da yatsa. Na koya, na ci gwajinsu, ita ce dai mai mantuwa."

"To yarensu fa?"

Telar ta gyara zaman jakarta. "Shi ma zai zauna a baki. Ai ko a can, Inna, riga hannu biyu gare ta."