Ranar da Na Wanke Rigar Kanada

Kawuna yana da wata rigar sanyi ta ulu wadda mutanen Bagudo sun fi sanin warinta da launinta. Idan ya ciro ta daga akwatinsa na ƙarfe, kajin gidanmu sukan tsallake danga su koma maƙwabta. Shekara goma sha biyar tana hannunsa, ba ta taɓa ganin ruwa ba sai gumi.

Daga yaƙin Bama ya zo da ita, lokacin yaƙin duniya na biyu. Aikinsa a can lodin buhunan shinkafa ne a jirgin sama. A nan ya yi aboki, wani saurayin soja ɗan Kanada, wanda ke tsayawa a bakin ƙofar jirgi yana hankaɗo wa sojojin da ke daji buhuna. Kawu ya ce a garin su yaron, in ka tofar da yawu, tsakuwa yake zama kafin ya kai ƙasa. Ya ce yaƙin bai bar ko mutanen gidan yaron ba. Sukari sai da katin rabo, yayarsa ta shiga aikin ƙera harsashi, alkamar ubansu ta nuna babu mai yanka. Uwarsa kuwa ta tara matan unguwa suna ta saƙa wa sojoji riguna, don a ganinta duk inda ake yaƙi akwai ƙanƙara. Sai ga riga ta iso Bama, inda ko fatar jikinka so kake ka tuɓe don zafi. Yaron ya yi dariya har da hawaye, ya ba Kawu ya ajiye masa. Bayan 'yan kwanaki jirginsu ya tashi, bai dawo ba. Tun daga ranar Kawu ya ɗauke ta amana.

Da za a ba mu mulkin kai, aka ce tsofaffin sojoji za su yi maci a filin makaranta. Kawu ya shelanta cewa da rigar zai fita. Ina da shekara goma sha huɗu lokacin, kuma a ganina duk ƙasar nan babu yarinyar da ta kai ni iya wanki. Na ce a raina ba za a ɗaga sabuwar tuta a gaban wannan wari ba.

Ana gobe biki ya tafi kasuwar Lolo, ni kuma na zagaya ta dangar da ta raba gidansa da namu, na ɗauko rigar. Na yi mata gatan da ake yi wa babbar riga. Na tafasa ruwa, na zuba sabulun salo da ruwan toka, na cuɗe ta da dukkan ƙarfina. Na kai ta rafi na yi ta maka ta a kan dutse. Baƙin ruwan da ya fita, na tabbata kifayen kogin Kwara sun tsere Dahome a ranar ba tare da takarda ba. Sannan na shanya ta a tsakar rana, na zauna ina jiran yabo.

Da la'asar na je ɗauka, sai na tarar da rigar yaron goye. Ta tsuke, ta yi kauri, ta ƙame kamar kilishi. Na leƙa bayan danga ko wani ya yi mini musaya.

Innata ta fito ta gani, ta dafe ƙirji. "Ke! Mi kinka yi?"

"Wanki ne, Inna."

"Wanki ko yanka? Ina sauran rigar?"

Muka jiƙa ta, Inna ta kama hannu ɗaya, na kama ɗaya, muka yi ta ja har na faɗi zaune. Hannun dama ya ƙaru, na hagu ya ƙi. Muka sanya wa turmi ita don cikin ya buɗe. Turmin ya yi kyau ƙwarai, har ya fi Kawu.

A haka ya shigo ya same mu. Ya dubi turmi, turmi ya dube shi.

"Wa ya taɓa ta?"

Na so in ce akuya, amma akuya ba ta tafasa ruwa. Na ce, "Ni ce, Kawu."

Ya tuɓe wa turmin rigar a hankali, ya kai ta hancinsa, ya daɗe yana shaƙa. Idonsa ya yi ja. "Ɗiyar nan, kin kore warinshi."

"Kawu, ai warinka ne."

Ranƙwashin da Inna ta sakar mini, har yau in hadari ya taso wurin yana yi mini ciwo. Amma na ga gashin bakin Kawu ya motsa.

"Gobe da ita zan hita," in ji shi. "Ko da wuyana kaɗai ta shiga."

Da safe mu uku muka sa shi a ciki, ni da Inna da matarsa, kamar ana cusa gero a buhun da ya riga ya cika. Rigar ta tsaya a saman cibiya. Hannayensa suka ƙi sauka, suka tsaya a buɗe kamar ungulu tana shan hantsi. Haka ya shiga fili, lambobin yaƙi a ƙirji, tumbi a waje.

Aka buga ganga, tsofaffi suka taka. Sauran suna kaɗa hannu, Kawu yana tafe kamar jirgin da ke neman wurin sauka. Wani tsohon soja da ke bayansa ya ce, "Kofur, in za ka tashi, ka biya da ni Kende!" Kawu bai ko waiwaya ba. Yaran makaranta suka ɗauka sabuwar gaisuwar mulkin kai ce, suka buɗe hannuwa su ma. Ya zagaya filin nan kaf, gumi na bin sawunsa, bai karya taki ko sau ɗaya ba.

Wahalar tana gida. Jikinsa ya kumbura don zafi, rigar ta ƙi fita, numfashinsa ya fara yin sama. Inna ta ruga ta ɗauko almakashi.

"Aje shi!" Da ƙyar muryar Kawu ta fito. "Tsohuwar nan da hannunta ta saƙa. Ba a yanke ko zare guda."

"Yaya, ka mutu cikin riga?"

"Wanda anka saƙa ma ita bai samu ya sa ba. Ni na sa."

Ni ce na tuna da man kaɗen Inna. Muka shafe shi tun daga ƙugu har kunnuwa, ya rungumi turken rumfa da ƙafafu, muka kama riga muka ja. Sau uku muna yi, a na huɗu ya fito fit, kamar ƙwallon mangwaro, mu kuma muka zube cikin kwandon wake.

Bai nemi ruwa ba, rigar ya nema. Ya zauna a ƙasa yana sheƙi, jiki na ta ƙyalli, yana bin saƙar layi-layi da yatsa. Babu inda ya tsinke. Sai ya ɗago ya nuna ni.

"Ke, daga yau hannunki da wanki, haram."

Na yi godiya har ƙasa, na ce na karɓi hukunci. Inna ta ce rigar kawai yake nufi, ta turo mini kwandon zannuwa.